Yadda Ake Tafiyar da Sabar Manhajar Yanar Gizo Ba Tare da Ikon root Ba

Duk wanda ya rubuta manhajar yanar gizo a kwamfutarsa, sannan ya zo ɗora ta a kan sabar Linux domin jama'a su fara amfani da ita, yakan ci karo da cikas guda tun a ranar farko. Manhajar da take aiki lafiya lau a ƙofa (port, wato lambar da shiri ke karɓar saƙonnin sadarwa ta cikinta) mai lamba 8000 ko 8080, da zarar an ce ta koma ƙofa ta 80 sai ta ƙi tashi, allo ya nuna `Permission denied`. Abin da aka saba yi a nan shi ne a sa `sudo` a gaban umarnin domin a zartar da shi da ikon root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar, manhaja ta tashi, kowa ya kama gabansa. Wannan ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin matasan da ke rubuta wa makarantu masu zaman kansu da shagunan magani da ƴan kasuwa manhaja a nan Maradi, kuma ba rashin ƙwarewa ne ke jawo ta ba, gaggawa ce, domin mai aiki yana tsaye yana jiran ya ga shafinsa ya buɗe.

Dalilin ƙin tashin manhajar tsohuwar ƙa'ida ce da Linux ya gada daga Unix: ƙofofin da lambarsu ba ta kai 1024 ba, asusun root kaɗai ke da izinin buɗe su, alhali burauza tana neman ƙofa ta 80 ne idan adireshi ya fara da http, ta 443 kuma idan ya fara da https. Haɗarin da ke cikin amfani da `sudo` shi ne, duk abin da manhaja ta aikata, da ikon asusun da ya tashe ta take aikata shi. Idan akwai ɓaraka a cikinta, ko a cikin ɗaya daga cikin kayan da aka gina ta da su, mai kutse zai gaji wannan ikon gaba ɗaya. A watan Disamba na 2021 an gano irin wannan ɓaraka a Log4j, wani kayan aiki da manhajojin Java masu ɗimbin yawa ke amfani da shi, inda ɗan guntun rubutu da aka aiko daga waje ya isa ya sa sabar ta zartar da umarnin baƙo. Inda manhajar ke gudana da ikon root, baƙon yana iya karanta `/etc/shadow`, fayil ɗin da ke riƙe da bayanan kalmomin sirrin masu asusu a na'urar, ya buɗe wa kansa asusu, ya goge duk wata shaidar shigowarsa. Inda take gudana da ƙaramin asusu, ɓarnarsa ta tsaya a iyakar abin da aka ba wannan asusu, sai dai idan ya sake samun wata ɓarakar ta daban.

Misalin da za a bi a nan shi ne manhajar rajistar ɗalibai da aka rubuta da Python, ake tashe ta da Gunicorn, shirin da ke tafiyar da manhajojin yanar gizo na Python, a kan Debian ko Ubuntu. Wanda ke amfani da Tomcat ko Node.js zai canja layin tashin manhajar ne kawai, sauran tsarin duk ɗaya ne.

Asusun manhaja da mallakar fayiloli

Ana farawa da buɗe wa manhajar asusu nata na kanta, wanda babu ɗan Adam da zai shiga na'ura da shi:

```
sudo useradd --system --no-create-home --shell /usr/sbin/nologin --user-group rajista
```

Wannan asusu ba shi da kalmar sirri, ba shi da foldar gida, ba shi kuma da tagar umarni. Bai kamata mutum ya tashi manhajar da asusunsa na yau da kullum ba, ko da ba root ba ne, domin a cikin foldarsa akwai makullan SSH, waɗanda ake shiga na'ura daga nesa da su, da tarihin umarnin da ya rubuta, kuma galibi yana cikin rukunin masu `sudo`. Haka nan kowace manhaja a ba ta nata asusun. Idan sabar ɗaya ce ke ɗauke da rajistar makaranta da kuma lissafin wani shago, to asusu biyu ake buƙata, don kada wadda aka fasa ta zama hanyar shiga ɗayar.

A wajen mallakar fayiloli ne aka fi yin kuskure, har a wurin waɗanda suka daina amfani da root. Mutum zai buɗe asusun `rajista`, sannan ya mallaka masa dukan foldar da manhajar take ciki, yana ganin ya gama. Amma manhaja karanta rubutunta take buƙatar yi, ba gyara shi ba. Idan tana da izinin rubutu a kan fayilolin da aka gina ta da su, mai kutse zai cusa nasa layukan a ciki, su ci gaba da aiki ko bayan an sake kunna na'ura, masu shigar da kalmar sirri su riƙa miƙa masa ita ba su sani ba. Saboda haka foldar `/opt/rajista` ta kasance mallakar root ko ta asusun da ake ɗora sababbin gyare-gyare da shi, manhajar kuma ta samu izinin karatu kawai:

```
sudo chown -R root:rajista /opt/rajista
sudo chmod -R u=rwX,g=rX,o= /opt/rajista
```

Wurin da za ta yi rubutu, kamar hotunan ɗalibai da aka ɗora ko fayil ɗin SQLite, a ware shi daban a `/var/lib/rajista`. Shi kuwa `chmod 777`, wanda wasu ke rugawa gare shi duk lokacin da izini ya hana su wucewa, a bar shi kwata-kwata, domin ma'anarsa kowane asusu da ke na'urar yana iya rubutu a wurin. Idan aka ga `Permission denied`, tambayar da ta dace ita ce wane fayil ne manhajar ke son taɓawa, kuma shin ya kamata ta taɓa shi.

Wannan ƙa'ida ta shafi rumbun bayanai ma. A PostgreSQL ko MariaDB a buɗe wa manhajar asusun da ikonsa bai wuce rumbunta ba, kada a haɗa ta da asusun `postgres` ko root na MariaDB.

Miƙa wa systemd ragamar tashin manhajar

Wanda ya tashi manhaja da hannu a tagar umarni ya tafi gida, to ranar da wuta ta ɗauke batirin ajiya kuma ya ƙare, sai an kira shi a waya kafin aiki ya ci gaba. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, wannan ba abin da ake jira ya faru sau ɗaya a shekara ba ne. systemd, shirin da ke kula da tashin ayyuka a Linux, yana warware matsaloli biyu a lokaci guda: yana tashin manhajar da kansa duk lokacin da na'ura ta kunnu, kuma yana tashin ta da asusun da aka faɗa masa. A rubuta wannan a `/etc/systemd/system/rajista.service`:

```
[Unit]
Description=Manhajar rajistar dalibai
After=network.target

[Service]
User=rajista
Group=rajista
WorkingDirectory=/opt/rajista
EnvironmentFile=/etc/rajista/sirri.env
ExecStart=/opt/rajista/venv/bin/gunicorn --bind 127.0.0.1:8000 --workers 2 app:app
Restart=on-failure
StateDirectory=rajista
NoNewPrivileges=true
ProtectSystem=strict
ProtectHome=true
PrivateTmp=true

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

Layin `User` shi ne ginshiƙin aikin, amma na ƙasansa ma suna da muhimmanci. `StateDirectory` yana sa systemd ya ƙirƙiri `/var/lib/rajista` ya mallaka wa asusun. `ProtectSystem=strict` yana mayar da sauran faifan na'urar abin karatu kawai a idon manhajar, ta yadda ko an yi kuskure wajen raba izini a wata folda, ba za ta iya rubutu a can ba. `ProtectHome` yana ɓoye mata foldojin gida na mutane, `PrivateTmp` yana ba ta nata `/tmp` wanda ba ta tarayya da kowa a cikinsa, shi kuma `NoNewPrivileges` yana hana ta ƙara wa kanta iko ta hanyar kiran shirye-shirye irin su `sudo`. Fayil ɗin `sirri.env`, inda ake ajiye kalmar sirrin rumbun bayanai, systemd ne ke karanta shi tun kafin ya sauka zuwa ƙaramin asusun, don haka ana iya barin sa mallakar root da izinin `600`.

Daga nan sai a ba da umarnin `sudo systemctl daemon-reload`, a bi shi da `sudo systemctl enable --now rajista`. Idan ta ƙi tashi, `journalctl -u rajista -n 50` zai nuna layuka hamsin na ƙarshe na abin da ta faɗa kafin ta tsaya.

Yadda za a kai ga ƙofa ta 80 da ta 443

Yanzu manhajar tana sauraro a `127.0.0.1:8000`, adireshin da ba a isa gare shi sai daga cikin na'urar kanta. Hanyar da na fi amincewa da ita wajen haɗa ta da waje ita ce a sa Nginx, shirin da ke karɓar buƙatun burauza, a gaba. Matsayinsa kamar na zaure ne a gida: a nan ake tarbar baƙo a ji abin da ya kawo shi, saƙo ya shiga ciki amsa ta fito, ba tare da baƙon ya taka tsakar gida ba. Nginx yana tashi da ikon root ne domin ya buɗe ƙofofin ya kuma karanta takardar shaidar tsaro, sannan ma'aikatansa, wato ƙananan shirye-shiryensa masu amsa buƙatun jama'a, su gudana da asusun `www-data`. A ajiye wannan a `/etc/nginx/sites-available/rajista`, a haɗa shi da `sites-enabled`:

```
server {
    listen 80;
    server_name rajista.example.org;
    client_max_body_size 10m;

    location / {
        proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
        proxy_set_header Host $host;
        proxy_set_header X-Forwarded-For $proxy_add_x_forwarded_for;
        proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme;
    }
}
```

Kafin a sake loda Nginx a gwada rubutun da `sudo nginx -t`. Layukan `proxy_set_header` suna isar wa manhajar da ainihin sunan shafin da adireshin wanda ya ziyarta, in ba haka ba za ta ɗauka kowa daga cikin na'urar yake zuwa. An sa `client_max_body_size` ne saboda Nginx ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 1 sai an faɗa masa, hoton da wayar zamani ke ɗauka kuwa yakan wuce haka, sai sakataren makaranta ya riƙa ganin kuskure mai lamba 413 ba tare da sanin dalili ba. Kuskure mai lamba 502 kuma yana nufin Nginx yana nan lafiya, manhajar da ke bayansa ce ba ta amsa ba. Masu Rocky Linux ko AlmaLinux su lura cewa SELinux yana hana Nginx tuntuɓar manhajar har sai an ba da umarnin `sudo setsebool -P httpd_can_network_connect 1`.

Akwai wata fa'ida da ta shafi yanayinmu kai tsaye. Yawancin masu buɗe shafin da waya suke buɗe shi, wasu daga Tibiri ko Madarunfa ko ƙauyukan da intanet ɗin waya ke tafiyar hawainiya. Ma'aikacin Gunicorn na asali buƙata ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka idan mutum biyu masu raunin sadarwa suka riƙe ma'aikata biyun da aka tanada, kowa sai ya tsaya jira. Nginx yana tattara buƙatar har ta cika kafin ya miƙa ta, ya kuma karɓi amsa nan take ya riƙa isar da ita a hankali, ma'aikacin ya koma bakin aiki. Batun https ma ya fi sauƙi ta wannan hanya, domin takardar shaidar da Let's Encrypt ke bayarwa kyauta certbot ne ke sabunta ta, makullinta na sirri kuma yana zaune a `/etc/letsencrypt` inda root kaɗai ke karanta shi, manhajar ba ta ko san da shi ba.

Akwai wasu hanyoyin, kuma ba duka ne darajarsu ɗaya ba. Idan manhajar da kanta za ta tsaya a ƙofa ta 80 ba tare da Nginx ba, mafi tsabta shi ne a ƙara layin `AmbientCapabilities=CAP_NET_BIND_SERVICE` a fayil ɗin systemd. Linux ya daɗe da rarraba ikon root gida-gida, wannan layi kuma yana ba manhajar kashi ɗaya tak daga ciki, wato izinin buɗe ƙananan ƙofofi, ba tare da sauran ba.

Umarnin `setcap cap_net_bind_service=+ep` yana ba da wannan izinin ne ga fayil ɗin shirin kansa, kuma shi ne aka fi cin karo da shi a bayanan da ke yawo a intanet. Ya dace da shirin da aka harhaɗa ya zama fayil guda, kamar wanda aka rubuta da Go. Ga Python da Node.js da Java kuwa ban ba da shawararsa ba. Ba ya aiki a kan rubutun manhajar, sai a kan `python3` ko `node` ko `java` ɗin kansa, wanda ke nufin duk wani mai asusu a na'urar da ya tashi shirinsa da shi ya samu izinin. Sannan ranar da aka sabunta kunshin, sabon fayil zai maye gurbin tsohon izinin ya ɓace, manhajar ta ƙi tashi bayan sake kunnawa. A Java ma yakan jawo wata matsalar, inda shirin ke kasa gano `libjli.so` bayan an sa masa izinin.

Ana iya karkatar da zirga-zirga daga 80 zuwa 8080 da iptables, amma dokar tana ɓacewa idan aka sake kunna na'ura sai an adana ta, kuma wanda ya gaji sabar daga baya zai sha wahalar gane yadda aka yi shafi ke buɗewa alhali babu mai sauraro a ƙofa ta 80. Tun daga Linux 4.11, wanda ya fito a 2017, akwai kuma `net.ipv4.ip_unprivileged_port_start`, wanda idan aka sauke shi daga 1024 zuwa 80 kowane asusu zai iya buɗe waɗannan ƙofofin. A na'urar da aiki ɗaya kawai take yi babu laifi sosai, amma a wadda mutane da yawa ke shiga, duk wanda ya riga tashi shi zai kama ƙofar.

Idan mutum ba shi da sudo ko kaɗan

Duk abin da ya gabata yana buƙatar mai ikon gudanarwa sau ɗaya, lokacin shiryawa. Akwai kuma wanda aka buɗe wa asusu kawai a na'urar wani, misali ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da zai nuna aikinsa na ƙarshen shekara, ko ma'aikacin da mai kula da sabar ofishinsu yake Yamai. Shi ma yana iya tashin manhajarsa. Zai girka kayan da take buƙata a cikin foldarsa da `python3 -m venv`, wanda ba ya neman izinin kowa, ya zaɓi ƙofa daga 1024 zuwa sama wadda babu mai amfani da ita. Fayil ɗin systemd zai ajiye shi a `~/.config/systemd/user/rajista.service`, ya cire layukan `User` da `Group`, ya mayar da na ƙarshe `WantedBy=default.target`, sannan ya tashe shi da `systemctl --user enable --now rajista`. Layukan kariya irin su `ProtectSystem` ba a kowace na'ura suke aiki a wannan mataki ba, don haka idan suka hana tashi a cire su.

Abin da ke ba mutane mamaki a nan shi ne manhajar takan mutu da zarar mai asusun ya fita daga SSH. Maganinsa umarni ɗaya ne, `loginctl enable-linger` tare da sunan asusun, wanda a na'urori da yawa sai mai gudanarwa ne zai ba da shi. Idan hakan bai samu ba, layin `@reboot` a `crontab -e` zai tashi manhajar bayan kunna na'ura, sai dai ba zai sake tashin ta ba idan ta faɗi. Domin ganin shafin daga kwamfutar hannu ba tare da an buɗe wa duniya ƙofa ba, `ssh -L 8000:127.0.0.1:8000` tare da adireshin sabar ya wadatar, sai a buɗe `localhost:8000` a burauza. A tuna dai cewa a na'urar haɗaka duk mai asusu yana iya tuntuɓar `127.0.0.1:8000`, saboda haka manhajar da ke ɗauke da bayanan mutane dole ta nemi kalmar sirri ko da ba ta fita waje ba.

Tabbatar da cewa aikin ya zauna

Ganin shafi ya buɗe bai isa shaida ba. Umarnin `ps -o user,pid,cmd -C gunicorn` ya kamata ya nuna `rajista` a kowane layi, har da na uwar aikin. `sudo ss -ltnp` ya nuna Nginx a ƙofa ta 80, Gunicorn kuma a `127.0.0.1:8000`, ba a `0.0.0.0:8000` ba, domin na biyun yana nufin ana iya tsallake Nginx a shiga kai tsaye. Sannan a gwada `sudo -u rajista touch /opt/rajista/gwaji`, wanda dole ne ya gaza. Idan ya yi nasara, a koma kan mallakar fayiloli. `systemd-analyze security rajista` zai jero sauran matakan kariya da ba a ɗauka ba, kodayake ba lallai ne a bi su duka ba, domin wasunsu sukan karya manhaja. Daga ƙarshe a sake kunna na'urar gaba ɗaya tun mai shiryawa yana wurin, a ga ko komai ya tashi da kansa.

Masu amfani da Docker kada su ɗauka wannan bayani bai shafe su ba. Shirin da ke cikin kwantena da ikon root yake gudana sai an sa layin `USER` a Dockerfile, kuma duk wanda aka sa a rukunin `docker` ya zama daidai da root a na'urar, tunda yana iya haɗa dukan faifan cikin kwantena ya yi abin da ya ga dama. Podman yana tafiyar da kwantena da asusun talaka ba tare da wannan rukuni ba.

Saura batun wanda zai riƙa ɗora gyare-gyare. Sau da yawa mai rubuta manhajar ba shi ne mai sabar ba, kuma abin da yake buƙata bai wuce ya sauya fayiloli ya sake tashin manhajar ba. A buɗe masa asusu, a ce sunansa `tura`, a mallaka masa `/opt/rajista` a madadin root tare da barin rukunin `rajista` da izinin karatu, sannan a buɗe `sudo visudo -f /etc/sudoers.d/rajista` a rubuta:

```
tura ALL=(root) NOPASSWD: /usr/bin/systemctl restart rajista.service
```

A rubuta umarnin cikakke kamar yadda yake a sama, kada a sa alamar tauraro a ƙarshensa, kada kuma a ba `tura` izinin gyara fayil ɗin da ke `/etc/systemd/system`, domin wanda ya iya canja layin `User` zuwa root ya kuma iya sake tashin manhajar, ya riga ya mallaki na'urar.